Dijatu da Ta Koya wa Goyo Daji

A Chinade, cikin shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa na biyu, in aka hango ayarin yara sun nufi bayan gari da hantsi, wata doguwar tsohuwa a gaba tana ta zuba wa akuyarta surutu, ba mai tambaya. An san Dijatu ce. Duk wanda ɗansa ya cika tsoro, ko 'yarsa ba ta yarda ta wuce bakin zaure, ita ake kai wa. Ba ta taɓa duban yaro ta ce zo ka gani ba. Akuyar take nuna wa sawun zabo, akuyar take faɗa wa wace ƙaya ce mai dafi, yara na biye suna dariya, suna kuma kwashewa. Haka ta yi ta yi har ƙafa ta gaza mata, ta rasu ana gab da samun mulkin kai. Mutanen gari sun ɗauka halittarta ce haka. Waɗanda suka san ta tun tana ruga su suka san mafarin abin.

A wajen Dagauda aka haife ta, a bayan shanu ta girma. Da ta isa aure aka kai ta rugar su mijinta Jalo, wadda kan yi damina a wani fako tsakanin Chinade da Azare, in rani ya yi kuma ta gangara bakin kogin Jama'are. A shekarar da fara ta cinye gero ta yi haihuwar fari, mace, aka sa wa yarinya Zuliha, sunan mahaifiyar Jalo. Kunya ta zama biyu ke nan, ga ta 'yar fari ga ta suruka. Dijatu ba ta kiran sunan, ba ta yi wa yarinya wasa, in za ta ba ta nono sai ta juya baya ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya ga laifinta. Da ta yi akasin haka ne za a yi da ita a bakin rijiya.

Da aka yaye Zuliha, Goggo Murja, ƙanwar mahaifin Jalo da ke aure a Azare, ta zo ta goye ta ta tafi da ita. Ranar Dijatu daka ta kama, ko rakiya ba ta fita ba. Bayan haka in ta kai tallan nono Azare takan biya ta gaida Goggo, ta ajiye ɗan curin man shanu, ta ga yarinya na wasan 'yar tsana a tsakar gida mai katanga da rijiya, ta kau da kai. Yarinyar kuma Adda, wato yaya, take ce mata, kamar yadda ta ji ana faɗi. Dijatu ta sake haihuwa, namiji, bai zauna ba. Sai can ta samu Bubayero.

Bubayero bai fara zama ba Allah ya yi wa Goggo Murja rasuwa. Zuliha na da kamar shekara takwas aka dawo da ita ruga, damina ta ja baya, ciyawa ta kai ƙugu.

Washegari Uwa, matar wan Jalo, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce ai ba a koyon daji a ɗaka.

"Ke 'yar Azare, tashi ki bi 'yan'uwanki wajen maruƙa. Jinin Fulani ne a jikinki, ƙafarki za ta tuna."

Ƙafa ba ta tuna komai ba. Kafin rana ta take, ƙarangiya ta cika mata zane da kwauri, wani bijimi ya yi mata huci a ƙeya, damo ya ratsa ta tsakanin ƙafafunta. Yara suka fashe da dariya, ita kuma ta yanki daji da gudu ba ta san inda ta nufa ba, sai wani mai noman gyaɗa ne ya riƙo hannunta ya kawo ta. Ta shige bukka ta zauna a kan ƙunshin kayanta. Tun daga ranar, ko bayan gida sai an raka ta, tana tafe tana rufe ido.

Labari ya kai Azare ta bakin masu tallan nono. Hadiza, 'yar marigayiya Murja, bazawara mai sana'ar man gyaɗa, wadda ita ma da hannunta a renon Zuliha, ta aiko cewa a maido mata 'yarta kada a haukata ta. Baffa Gidaɗo, babban rugar, ya ji saƙon yana zaune kan buzu. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Yarinyar da ba ta iya zuwa gindin tsamiyar can," in ji shi, "ba za ta iya tafiyar Jama'are ba. Ba mu da jakin ɗaukar mai lafiya. In shanu suka gama cin karan gonaki tana nan yadda take, a kai wa Hadiza abinta."

Jalo ya miƙe ya ce bari ya duba kofaton wata saniya. Dijatu na gefe tana girgiza gorar nono, ta ci gaba da girgizawa. Man ya daɗe da tashi, ba ta lura ba. Sau ɗaya an ɗauke mata yarinyar nan ta yi shiru, don haka ake yi. Yanzu za a sake, kuma in ta koma wannan karon sai dai aure ya fito da ita, a can cikin gari. Ba ta da bakin cewa a bar mata ita. Ba ta da bakin shiga bukka ta rarrashe ta. Amma ba wanda ya hana ta magana da Bubayero.

Da safe ta zo ta zauna a bakin bukkar da Zuliha ke ciki, ta ba ƙofa baya, ta ɗora jaririn a cinya. Da gangan ta bi ta cikin ciyawa ta kwaso ƙarangiya a gefen zanenta.

"Bubayero, ka ga wannan? Ita ce ke sa manya kuka. In ka cafke ta da busasshen hannu, ta kama ka. Lashi yatsanka tukuna. Ka gani? Sai ka zare ta a hankali. Ba ta da wani ƙarfi, son bin mutane ne kawai da ita."

Bubayero ya yi hamma. Da Dijatu ta tashi ta bar zanen a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar an zare sauran, an tara su a kan wani fasasshen ƙoƙo.

Bayan 'yan kwanaki ta tsaya a wurin da ƙwarya a ka, igiya a hannu, goyo a baya.

"Bubayero, hannuna biyu ne. Ga ƙoƙon kanwa can, da za a samu mai ɗauko mana shi zuwa dangwali, da mun gode. Ba nisa, ga shi nan ana gani."

Ta yi gaba ba ta waiwaya ba. Ta kusa isa dangwalin, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ta ji taku a bayanta, ƙanana, masu tsayawa suna ci gaba. Ta durƙusa wajen ɗan maraƙin da ya fi kowanne ƙanƙanta.

"Kada ka zo masa ta baya, ka ji ko? Shi ma tsoronka yake ji. Shafa kanwa a tafinka, ka miƙa, ka tsaya cik. Shi zai zo."

Ta tafi kunce wani. Can ta ji wata 'yar ƙara, rabinta tsoro rabinta dariya, harshen maraƙi mai kaushi ya sami hannu. Nan take Dijatu ta ce wa Bubayero rana ta yi, a koma gida. Ta lura da abin da Uwa ba ta lura da shi ba, cewa yaro in aka maido shi bai ƙoshi ba, gobe shi zai riga ka fita.

Daga dangwali sai tsamiya. Daga tsamiya sai tafkin da mata ke wanke ƙore. Kullum akwai abin da hannu biyu ba su isa ɗauka ba. Ba ta taɓa ce wa Bubayero babu abin tsoro ba, don ƙarya ne.

"Maciji gaskiya ne. Shi ya sa ba a sa hannu a ramin suri, ba a ɗaga icce sai an tura shi da sanda. In za ka shiga ciyawa, buga ƙasa, ka ba shi hanya ya wuce. Wannan sawun mai yatsu uku na zabo ne, jiya ya bi. Wannan jan layin, wutsiyar damo ce. Mummuna ne, amma ko kaza ba ta gudunsa. In ka ɓata, kada ka yi gudu. Nemi kashin shanu ɗanye, ka bi inda kofato ya dosa, da yamma gida suke zuwa."

Suka tsaya gindin ɗinya, ta ce wa Bubayero baƙaƙen ake ci, kore sai a bar wa gobe. Bubayero ko haƙori ba shi da shi. Da suka dawo, leɓen Zuliha baƙi ƙirin.

Matan ruga ba su bar ta ta sha iska ba.

"Dijatu, yau me malaminmu ya karanta?" in ji Uwa. "Jiya na ji ana koya masa ɗaurin maraƙi. Yaron nan zai yi ardo kafin ya yi rarrafe."

"Yana da ƙwaƙwalwa," in ji Dijatu.

"Ƙwarai. Ga shi ma yana tunani, har da miyau."

Duk sun gane, ba wadda ta faɗa. Wadda ba ta gane ba ita ce Zuliha. Wata rana ta tsinci gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, ita kaɗai, a bayan sabara. Ta sheƙo da gudu har tsakiyar mata ana sussuka.

"Adda! Adda, duba abin da na samo!"

Idanu suka juyo kan Dijatu. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa. Ta kau da fuska ta ce, "Uwa, karɓi abin da yarinyar nan ta kawo."

Uwa ta karɓa ta yaba, har ta soka shi a kitsonta. Zuliha ta tsaya kaɗan, ta juya. Washegari ta fito ta ɗauki ƙoƙo kamar kullum, sai dai ta bar tazara, kuma ba ta ƙara kawo wa kowa komai ba.

Aka yi girbi, aka saki shanu a gonaki, tafkuna suka fara zama laka. Wata ranar kasuwar Azare, masu tallan nono suka dawo da la'asar tare da Hadiza, tana ɗingishi, ta riƙe takalmanta a hannu. Da yake ita da Jalo taubasai ne, tun daga nesa ta fara.

"Ina bawan nan nawa? Jalo, wannan ce masarautar taka? Na zo karɓar 'yata kafin ku mai da ita saniya."

"Wa ya ga buhun gyaɗa na tafiya da ƙafa," in ji Jalo. Ya gaishe ta, ya tuna akwai saniyar da bai gani ba, ya ɓace.

Zuliha na dawowa daga tafki da tulu ƙarami a ka. Tana ganin Hadiza ta dire shi ta ruga ta ƙanƙame ta tana kuka. Kafin a kawo wa baƙuwa ruwa ta shiga bukka ta fito da ƙunshinta.

Da safe Baffa Gidaɗo ya sa aka kira su. Dijatu ta durƙusa daga nesa, ta ba shi gefe.

"Hadiza, abin da na ce shi ne a kai miki ita in yarinya ba ta fita. To tana fita. Jiya da idona na gan ta ta kora maruƙa daga tafki. Tafiyar Jama'are ba za ta gagare ta ba."

"Baffa, na ji. Amma dubi kayanta a ɗaure. Ni ban ce ta ɗaure ba."

Ya dubi yarinyar. "Ke, ina kike so?"

"Wajen Goggo Hadiza," in ji Zuliha, kanta a ƙasa.

"To. Uban ya gudu. Dijatu, ke me kika ce?"

Kowa ya san amsar da ake jira, ita ma ta sani. "Baffa, ni ina ruwana. Ku ne iyayenta."

"Shi ke nan. Allah ya kiyaye hanya."

Rakiyar baƙuwa dole ce, wannan kam ba kunya a ciki. Dijatu ta goya Bubayero, ta ɗaukar wa Hadiza ƙwaryar tsaraba, suka kama turba. Hadiza a gaba tana ba da labarin unguwa, wa ya yi aure, wa ya haihu. Zuliha a tsakiya da ƙunshi a ka. Dijatu a baya. Suka wuce tsamiya, suka wuce tafki, fakara ta tashi fir daga gefen hanya, Dijatu ba ta ce uffan ba. Zuliha ta waiwaya sau ɗaya, ta sake waiwayawa.

"Adda, yau ba za ki gaya wa Bubayero komai ba?"

"Wane Bubayero?" in ji Hadiza. "Me ake gaya masa?"

"Daji take koya masa. Kullum. Sawu, da itatuwa, da yadda ake yi in an ɓata. Ni ina riƙe musu ƙoƙo ne."

Hadiza ta tsaya. Ta zagayo ta leƙa bayan Dijatu. Malamin daji na barci, baki buɗe, kai ya langaɓe. Ta dubi Dijatu, Dijatu ta dubi ƙasa. Hadiza a gari ta girma, amma ita ma 'yar fari ce, kuma har Murja ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba.

"Wash, ƙafata," ta ce, ta zauna a gindin wani kalgo. "Zuliha, waccan ba magarya ba ce? Jeki tsinko mini, bakina ba daɗi."

Yarinyar ta ajiye ƙunshi, ta tsinci kara, ta shiga ciyawa tana bugun ƙasa. Hadiza ta bi ta da kallo har ta yi nisa.

"Dijatu, zauna. Kina so ta zauna?"

"Adda Hadiza, ku ne..."

"Bar ni da ku ne iyayenta, na ji wannan a gaban Baffa. Nan ba kowa sai ni da ke. Ni ma ina son yarinyar nan, a bayana ta yi barci. Ba zan bar ta a inda ba a ce ana so ba. Kina so?"

Dijatu ta sunkuyar da kai. Ta kama gefen zane tana murzawa.

Hadiza ta yi tsaki. "Ku dai Fulanin daji Allah ya shirye ku. To kada ki gaya mini. Gaya wa wancan malamin na bayanki."

Dijatu ta juya kai ta kafaɗa, kamar mai gyara goyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Bubayero, ranar da aka tafi da yayarka, dawa na daka har ta zama gari, ba wanda ya sa ni. Duk zuwan da nake Azare, ba nono ke kai ni unguwarsu ba, can ba sa saye. Yanzu ta dawo, na san takunta a bayana. In ta tafi, ban san abin da zan riƙa gaya maka ba."

Ba su ji dawowar Zuliha ba, don ta koyi tafiya a ciyawa. Tana tsaye a bayan kalgon, magarya cike da hannu biyu. Dijatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hadiza ta miƙa hannu ta karɓi magaryar, ta jefa ɗaya a baki, ta tauna, ta tofar da ƙwallon.

"Kin ji ai. Ba zan maimaita miki ba, ita kuma ko za a yanka ta ba za ta sake faɗa ba. Sai ki zaɓa."

Zuliha ta dubi ƙunshinta, ta dubi hanyar Azare.

"Goggo, in na je Jama'are na dawo, za ki ajiye mini gadona?"

"Wa zai hau miki? Da damina ki riƙa biyo masu nono kina kwana biyu. Ki zo mini da man shanu, ban da ƙarangiya."

Ta tashi ta karkaɗe zane, ta karɓi ƙwaryarta daga hannun Dijatu, ta ce rakiya ta isa haka, ga masu talla can gaba za ta cim musu. Ta yi 'yan taku ta juyo.

"Ki gaya wa bawana Jalo ya fito daga bayan saniya, an gama."

Suka juya. Wannan karon Zuliha ce a gaba, tana sharar hawaye da bayan hannu, don rabuwa da Hadiza ba wasa ba ne a wurinta. Da suka iso ruga Baffa Gidaɗo ya ɗaga kai ya ga ƙunshi ya dawo, ya ce, "Af," ya ci gaba da jan carbinsa. Uwa kuwa ta tashi ta je ta ƙara tsaki a tukunya.

Ba a yi mako ba aka kwance bukkoki, aka ɗora wa shanun dako kaya. Jalo ya zo wucewa, bai dubi kowa ba, ya jingina wata 'yar sanda sabuwar fiƙa a jikin turmi, daidai tsayin yarinya, ya ce wa iska a ba masu kora maruƙa. Zuliha ta ɗauka. Ta yi tafiyar Jama'are da ƙafarta, ta yi kuka sau ɗaya da ƙaya ta shige mata dunduniya, ta zauna ta cire da kanta, ta tashi ta bi ayari.